Gwaggon Gidan Likita

Ranar wata Alhamis ta tsakiyar damina aka kai Gwaggo makwancinta, gero ya fara fid da kai. Kafin maza su dawo daga maƙabarta gidanmu ya cika, har sai da muka aro tabarmi a maƙwabta. Dangi mun san su, 'yan gari ma mun san su. Waɗanda suka ɗaure mana kai su ne baƙin fuskar da suka yi ta shigowa. Wata ta ce daga wajen Gazawa ta hawo amalanke. Wasu matan Fulani suka ajiye ƙwaryar nono a ƙofar ɗakin Gwaggo, suka tsuguna suna kuka. In aka tambayi mace, "Baiwar Allah, mi ke tsakaninki da mamaciya?" sai ta ce, "Ita ta yi jinyata," ko kuma, "Ita ta riƙe min yaro ranar da na rasa mai riƙewa."

Baba, wanda shi ne ƙanenta, yana zaure. In an ce masa, "Ina hanƙuri?" sai ya gyaɗa kai kawai. Liman ne ya riƙa amsawa a madadinsa.

Ranar sadakar uku wata 'yar uwarmu ta nesa ta zo daga Gidan Sori. Ta gama addu'a ta shafa, sannan ta ce, "Ku yi hanƙuri. Ai hutu Allah ya yi mata. Dama tun hatsarin nan rabinta ya riga ya tahi, yanzu ne ragowar ta bi."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma mata da yawa suka ce haka ne. Sai wata mata da ke zaune gindin rumbu, da goyo a bayanta, ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, halan ba ki san ta ba. Wannan rabin da kike hwaɗi, shi ya tashe min maigida daga kwance."

Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, magana ce abincina, amma ranar ban samu ko kalma ɗaya da zan ƙara ba. Na koma Cadakori inda nake aure nake koyarwa, maganar tana cina. Ina tsoron yaran gidanmu su girma su ce an taɓa yin wata tsohuwa mai jan ƙafa wadda kanta ya taɓu, shi ke nan. Shi ya sa na zauna in faɗi abin da idona ya gani.

Gwaggo yayar Baba ce, ciki ɗaya. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya kai yaye, sai ta dawo gidan ƙanenta a ƙauyenmu, arewa da Agiye. Da Allah ya karɓi mahaifiyata ina ƙarama, ɗakinta na koma, a bayanta na girma. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana cin kasuwar Agiye da ta Gazawa. Amma abin da aka fi saninta da shi baki ne. In miji da mata suka saɓa ita ake kira, ta shiga ta wanke kowa tas, ta fito ta bar su suna dariya. Na tuna wata rana a tasha direba ya cusa mu a mota har numfashi yana gagara, yana neman ƙara wasu. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Kai ɗan nan, mu mutane ne ko buhunan aya? In buhuna ne kawo igiya ka ɗaure mu, in mutane ne ka ja mota." Har shi direban sai da ya dara, ya tada mota. Baba kuwa "Auta" take kiransa, ko bayan furfura ta cika masa gemu. In ta tara mu ɓarar gyaɗa muna zumɓure-zumɓure, sai ta ce, "Ku matso, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Ina kwalej a Agiye abin ya faru. Gwaggo da wasu mata suna dawowa daga kasuwar Gazawa a amalanken shanu, wata babbar mota ta danna ƙaho a bayansu, san ya firgita ya yi gefe, amalanken ya kife. Sauran matan suka tashi da ƙujewa. Gwaggo kuwa kanta ne ya bugi bakin kwalta. Aka kai ta Agiye, daga nan aka wuce da ita Maraɗi. Ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Ranar da ta buɗe ido ina wurin. Baba ya sunkuya ya ce, "Yaya, kin gane ni?"

Ta daɗe tana kallonsa, leɓenta yana rawa. Can ta ce, "Gishiri."

Baba ya yi dariya don murna, ya ɗauka wasanta ne ya dawo. Sai ya ga hawaye suna gangaro mata zuwa kunne. Ta gane shi sarai. Sunansa ne ta nema, wannan kalmar ta fito.

Likita ya ce mana jini ya taru a ƙwaƙwalwarta, wurin da magana take ya ji rauni, kuma ɓarin dama ba zai koma yadda yake ba. Haka muka dawo da ita: hannun dama a naɗe a ƙirji, ƙafar dama tana ja, baki ya ɗan karkace. A hankali wasu kalmomi suka dawo, ba su da yawa: sannu, zo, tahi, ci, a'a, to. Sunayen mutane kuwa sun tafi ke nan. Mutanen gari da suka ji an ambaci ƙwaƙwalwa sai suka fassara da taɓin hankali, wasu suka ce iska ce ta shafe ta a hanya. Masu zuwa dubiya su zauna a gabanta su tambaye ni, "Ta ci abinci? Tana gane mutane?" kamar ba ta wurin. Ina ganin yadda take damƙe bakin zanenta. Macen da ake taruwa a saurara, yau ana maganarta a kanta.

Abin da ya fi ƙona mata rai cin abinci ne. Ita da ta sha buge min hannu in na karɓi abu da hagu, yanzu hagun kaɗai ta rage mata. Ba ta yarda a ba ta a baki, ba ta kuma yarda a gan ta tana ci. Sai an ajiye kwano an ja ƙofa. Wata rana na shiga ban yi sallama ba, na tarar da ita da loma a hannu. Ta wurgo min kwanon, miya ta wanke bango, ta fashe da kuka irin na yara. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Baba ya ɗauko liman. Liman ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, lalura ce. Wanda ya ba ki dama shi ya karɓa, shi ne kuma ya bar miki hagu. Ki yi bisimilla ki ci." Sannan ya ɗaga hannu ya fara Fatiha. Sai muka ji wata murya tana binsa, tiryan-tiryan, ba gargada, har ƙarshe. Gwaggo ce. Muka kalli juna. Daga baya muka gane haka waƙoƙin reno ma suke fito mata cikakku, duk da ba ta iya cewa a ba ta ruwa.

Ciwon ya bar mata farfaɗiya da ke tashi jefi-jefi, don haka akan kai ta karɓar ƙwayoyi a gidan likitan da ke bakin gari, bayan lakol. Wani hutu ni na raka ta. Ranar awon yara ce, rumfa ta cika da mata. A gefe ga wata Bafullatana da tagwaye, ɗaya an ɗaura masa ƙarin ruwa tana riƙe da hannunsa kada ya fizge, ɗayan yana ƙasa yana tsala kuka, ba ta da kowa. Kowa yana ta kansa. Gwaggo ta ja jiki ta matsa, ta miƙa hannun hagu ta ce, "Zo." Matar ta dubi naɗaɗɗen hannun, ta dubi bakin, ta yi jim. Sannan ta ɗora mata yaron a cinya. Gwaggo ta fara waƙa tana jijjiga shi da gwiwarta mai lafiya, har ya yi barci. Ita matar ba ta jin Hausa sosai, Gwaggo ba magana, amma suka wuni tare kamar uwa da ɗiya. Mun karɓi magani tun da hantsi, ta ƙi tashi sai la'asar.

Washegari na kai mata kunu na tarar da ɗaki wayam, sandarta ba ta nan. Na bi sawu na same ta gindin dogon yaro tana hutawa, ta ci rabin hanya. Na ce, "Gwaggo, ina za ki?" Ta nuna gaba da sanda ta ce, "Tahi."

Tun daga ranar, shekara goma sha wani abu, can take wuni. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba wanda ya biya ta. Tana rataye gorar kunu a wuya, ta share rumfa da hannu ɗaya, sannan ta shiga ɗakin marasa lafiya tana duba wanda ba shi da mai jinya. In ta same shi ta zauna, ta yi masa fifita, ta kore masa ƙuda, ta ba shi kunu, ta yi ta ce masa sannu. In jiki ya rikice ta buga sanda a ƙofar ƙarfe har majo ya fito, wato babban ma'aikacin jinya na wurin. An canza majo ya fi sau nawa, kowane ya zo ya tarar da ita kamar randar da ke rumfar, ya tafi ya bar ta. Su suka fara ce mata Gwaggo don sun ji ni ina faɗa, har duk yankin ya ɗauka: Gwaggon likita.

Ba waliyyiya ba ce, kada a ce na yi mata kwalliya. Zafin ranta ya ƙaru bayan hatsarin. Ba ta riƙe suna, amma tana riƙe wanda ya riga wani zuwa, kuma duk wadda ta tsallake layi, ko matar wa ce, sai ta ji sanda a gabanta da kalma ɗaya: "Baya." Akwai ranakun da kanta ke ɗaurewa, a same ta tsaye bakin rijiya ta rasa hanyar gida. Akwai kuma ranar da wata mai ciki ta fizge ɗanta daga cinyar Gwaggo tana cewa, "Kar ta shahwa mishi abin da ke gare ta." Gwaggo ta dawo gida ta juya fuska bango, ta ƙi kowa. Na ce to, an gama. Bayan kwana biyu na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a zaure, ta fita.

Rigimarsu da Baba ta zo ne bayan da farfaɗiya ta kayar da ita kusa da murhun masu jinya, ta ƙone a ƙauri. A makon kuma wani ya ce wa Baba a kasuwa, cikin mutane, wai yayarsa bara take a ƙofar likita. Baba ya shigo da yamma fuska a murtuke, ya ɗauke sandar ya jefa bisa rumbu.

"Yaya, ba ki ƙara zuwa," in ji shi. "Mi kika rasa gidan nan? Ana cewa na kasa ciyar da ke. Jiya wuta, gobe kuma rijiya za a ce kin hwaɗa."

Ta bugi tabarma da tafin hannu. "A'a."

"A'a mi? Ke da bakinki kike cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To mi za ki ɗauka can?"

Muna tsaye muna kallon yadda take farautar magana, jijiyar wuyanta ta tashi, zufa ta keto mata. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Jinka... a'a." Ta ɗaga hannun hagu ta juya shi a gaban fuskarsa. "Ludayi."

Baba ya juya ya fita, bai sauko da sandar ba. Da safe ya dawo daga masallaci ya ga wata irin shaida a rairayin ƙofar gida. Ya bi ta. Gwaggo ta dafa bango har ya ƙare, ta dafa darni har ya ƙare, daga nan ta zauna ta riƙa jan jiki da hannu ɗaya, ƙunar tana kwasar ƙasa. Ina bayansa lokacin da ya cim mata. Ya koma da gudu, dattijo da shi, ya hau rumbu ya ɗauko sandar, ya durƙusa ya ajiye mata a cinya. Daga ranar shi yake kai ta a amalanken jaki kafin ya wuce gona, ya biyo ya ɗauko ta da yamma. Bai taɓa ba ta haƙuri da baki ba, ita kuma ta yi wata guda ba ta karɓi goronsa ba.

Matar nan mai goyo da ta yi magana ranar sadakar uku, mijinta ɗan kabu-kabu ne. Ya faɗi da babur a hanyar Gidan Rumji, aka dawo da shi daga Maraɗi da irin ciwon Gwaggo: dama ta mutu, magana ta tafi. Magidanci mai ƙarfi, ga yara ƙanana. Matar tana kawo shi wankin rauni, tana kuka tana gaya wa majo ya daina cin abinci, ya datse baki, so yake ya mutu. Gwaggo tana ji. Ta ja jiki ta zauna a gabansa, ta janye mayafi ta nuna masa naɗaɗɗen hannunta. Ta buɗe kwanon tuwo, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta sa hagu ta ci, a tsakiyar rumfa, a gaban maza da mata. Ni da na san yadda ta sha ɓuya da wannan hannun, sai da na kau da kai. Ta tura masa kwanon ta ce, "Ci."

Ya hankaɗe shi, tuwon ya zube. Duk ranar da aka kawo shi sai ta zauna a gabansa ta ci, ta tura masa. Matar ta ce min ranar da ya sa hannu, shi kuka, Gwaggo kuka, miya tana bin gwiwar hannunsa. Daga baya ita ta riƙa tasa shi gaba daga wannan ginshiƙin rumfa zuwa wancan, gurguwa tana bin gurgu, in ya tsaya ta zungure shi da sanda. Yau yana sayar da man babur a kwalabe a bakin hanya, yana ciyar da gidansa. Ranar jana'iza ya kutsa cikin maza yana jan ƙafa, ya sa kafaɗar hagu a ƙarƙashin makara. Aka so a karɓe shi, ya ƙi.

Daminar bana zazzaɓi ya yi yawa, gidan likita ya cika har ana kwantar da mutane a rumfa. Gwaggo ta tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Majo ya roƙe ta ta zauna gida ta huta, ta ce masa, "To," gari ya waye ya gan ta. Har zazzaɓin ya kama ta ita ma, farfaɗiya ta biyo baya, mai tsanani wadda ba ta taɓa yin irinta ba. Baba ya kira ni ta waya ya ce, "Ki taho." Na shiga mota zuwa Maraɗi, na sake wata zuwa Agiye, kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Na same ta a ɗakin da ta yi shekaru tana yi wa wasu fifita, an ɗaura mata ƙarin ruwa a hannun hagu, mata masu jinya suna karɓa-karɓar mafici a kanta. Ta gan ni ta ce, "Sannu." Kamar ni ce marar lafiyar.

Da hantsin Alhamis na dama mata kunun tsamiya, irin wanda take so. Baba ya fita neman jakinsa da ya kwance. Ana yayyafi. Na tallafo kanta na kai kwanon bakinta, ta kau da fuska. Idonta yana kan gadon da ke kusa, inda wata tsohuwa take kwance. Ɗiyar tsohuwar ta tafi ƙauyensu ɗauko abinci tun jiya, ruwa ya yanke hanya, ba ta dawo ba.

"Ba ta," in ji Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, ki sha ko kaɗan, in ya so in ba ta sauran."

Ta haɗe gira, irin haɗewar da na sani tun ina yarinya. "Tahi."

Na tashi. Na zauna a bakin gadon tsohuwar, bayana yana wajen Gwaggo, na ɗago kanta ina ba ta kaɗan-kaɗan. Yunwa take ji sosai, tana sha tana sa min albarka. Can sai ta daina haɗiya. Na ga idonta ya wuce kafaɗata ya tsaya. Ta dafa hannuna ta ce, "Ɗiyata, ajiye kwanon nan. Juya ki ruhe ma uwarki ido."

Na juya. Fuskarta tana wajenmu, idonta a kanmu, kamar mai duba ko na iya.

Ban ji fitar ranta ba. Ban riƙe hannunta ba, ban laƙƙana mata kalmar shahada ba, ni da ta goya, ina nan taku biyu da ita. Na faɗi a kanta ina faɗar haka da ƙarfi, har masu jinya suka taru. Tsohuwar ta ce daga gadonta, "Bar kuka da wannan. Ni ina kallon leɓenta. Ta yi da kanta."

Har yau ban sani ba ko gani ta yi, ko tausayina ta ji. Na karɓa, don ba ni da wani abin riƙewa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya ba Baba dangana. Yadda ta zauna kusa da waɗanda ba su da kowa, ya Allah, kada ka bar ta ita kaɗai a kabarinta.